Saƙon Da Na Danne Kwana Tara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga mahaifinka, Iro marini na Tudun Wadan Zariya, zuwa gare ka Ɗanjuma. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka zaune lafiya cikin jirgi, ƙunshin kayanka na jikin ƙafarka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sauke ka Lakwaja lafiya.

Na ce wa mahaifiyarka ta cusa takardar a jakar guzuri, ƙarƙashin dakuwa, don na san nan hannunka zai fara zuwa. Kada ka yi mamakin tsawonta. Kai ɗan fari ne, ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Duk shekarun da muka yi a bakin ramin rini, zancenmu bai wuce "motsa" da "tsame" ba. Yau kuwa dole in yi magana, domin akwai saƙon da aka aiko maka daga Lakwaja, ni kuma na danne shi kwana tara. Zan faɗa maka shi. Amma ka bi takardar daki-daki, kada ka tsallaka ƙarshe yadda ka saba yi wa karatun allo, don ina so ka san yadda aka yi ubanka ya zama mai danne saƙo.

Bari in fara da na kusa. Ranar da Sarkin Marina ya tara mu ya ce Turawa sun sake kiran taron masu sana'a a Lakwaja, kowace ƙasa ta aika gwanayenta da aikin hannunsu, har na gyara zama ina jiran sunana. Sai ya ɗaga rawanin da ka rina, ya juya shi a rana, ya ce kai za ka tafi. Jama'a suka juyo suna yi mini barka, ina washe baki ina amsawa. Na yi ƙyashinka, ɗan cikina. Baƙinka ya fi nawa kama tufa, na daɗe da sanin haka, shi ya sa nake yawan kushe aikinka a gaban mutane. Ran nan da na ce rininka bai nuna ba, ya nuna sarai.

Har hanyar ma haushinta nake ji. An ce za ka miƙe ƙafa a jirgin ƙasa har Minna, ka sake wani zuwa Baro, daga nan jirgin ruwa mai hayaƙi ya gangara da kai kana cin dakuwarka. Mu lokacin da aka kira taron farko ba a shimfiɗa dogo ba. Da ƙafa muka tafi, muna bin bayan jakuna ta Kaffi har Loko, a bakin Binuwai, fason ƙafata na zubar da jini. Saboda haka ba ni da abin da zan koya maka game da jirgin ƙasa, sai dai kada ka leƙa kai ta taga. Ruwa kuwa na san shi, kuma da wauta na koye shi.

Mu biyu aka aika a wancan karo, ni da Garba. Ka sha jin sunansa a bakin mahaifiyarka, ba ka taɓa ji a nawa ba. Abokina ne tun muna yara, rana ɗaya aka yi mana kaciya, ramukanmu na jere a marinar cikin birni. Da aka haife ka, watanni kaɗan kafin tafiyar, sunansa na sa aka raɗa maka, shi ya riƙe ragon ma. Ina son sa, Allah Ya sani. Amma mai tufa yakan zo ya tsaya a kaina mu gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya wuce ya miƙa wa Garba tufarsa. Kowace rana sai an yi mini haka, ban kuwa taɓa sabawa ba.

Wautata ta farko a Loko na yi ta. Da za mu shiga kwalekwale, na zuba babbar riga na naɗa rawani, wai ni wakilin Zazzau. Matuƙin ya ce kowa ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasan jirgi. Na dubi ƙasan jirgin, ruwa-ruwa da ƙarnin kifi, na ce ba da ni ba, na ɗare kan wani buhu. Muna kaiwa tsakiya iska ta cika mini riga, na miƙe tsaye zan gyara. Jirgin ya karkata, wasu mata masu kifi suka zage ni da harsuna uku, matuƙin ya kwaɗa mini sandar tuƙi a ƙwauri, na zauna daɓas cikin ruwan da nake gudu. Garba kuwa tun a gaɓa ya naɗe rigarsa ya ɗora a ka, yana zaune a ƙasa yana raba wa matan goro. Kafin mu sauka suna kiransa da suna, ni kuma suna nuna ni da baki.

To, ka ji. In ka shiga kwalekwale, girmanka ka bar shi a gaɓa. Ka tuɓe takalmi, ka naɗe riga, ka zauna inda aka nuna maka, kada ka miƙe ko da kunama ce ta hau ka. Kada ka riƙe bakin jirgi in wani jirgin na matsowa, yatsu ake rasawa a haka, marini kuwa da yatsu yake ci. Matuƙi ko ɗan cikinka ne a shekaru, a kan ruwa shi ne babba.

Ta biyu a cikin gari ce. Lakwaja lokacin taro ba ta da masaka tsinke: Nufawa, Kakanda, Yarabawa, Igbira, mutanen Barno, kowa da harshensa, kowa na sauri. A bakin ruwa ɗakunan ajiyar kaya ne jere, duk rufin kwano, duk kama ɗaya. Cikin kwana biyu Garba ya tsinci gaisuwar Nufanci, duk inda muka bi sai a tsaya ana dariya da shi, ni ina tsaye a gefe riƙe da buta. Abin ya ishe ni. Rana ta uku na ce ya yi gaba, ni zan nemi filin taro da kaina, ai ba makaho ba ne ni. Na ga ayarin mutane sun nufi wani wuri da hanzari, na ce lalle taron za su, na bi su. Ashe ’yan dako ne za su sauke kayan jirgi. Kafin in yi bayani wani ƙato ya ɗora mini buhun gishiri a ka ya nuna mini hanya. Sai da na kai buhu uku. Wajen azahar Garba ya same ni zaune gindin wani mangwaro, wuya ya ƙage, bai ko yi dariya ba. Rashin dariyar nan ya fi ƙona mini rai.

Kada ka bi taro don ka ga taro. Garin shimfiɗe yake tsakanin dutse da ruwa. In ka ba dutsen baya, kogin Kwara na gabanka, gabas ke nan, ko alƙibla ta ɓace maka ka fara da wannan. In ka rikice, ka gangara bakin ruwa ka sake lissafi daga nan. Tambaya kuma mata masu talla a bakin hanya za ka yi wa, sun fi maza sanin lungu, ba su kuma jin kunyar cewa ba su sani ba. Ka fara da gaisuwa da harshensu ko da a karkace ne. Za su yi maka dariya, amma za su raka ka.

Yanzu ga babbar. Saboda cikar gari, baƙi irinmu a ƙetaren kogi aka sauke mu, a wani ƙauyen masunta. Kullum wani tsoho Banufe ke ƙetarar da mu safe da yamma. Ana gobe za a baje kaya a gaban manya, bayan la'asar ina wanke ƙafa a gaɓa, tsohon ya dubi sama ya kira ni. Ya ce: "Gobe da hantsi iska za ta tashi, ruwa zai yi tsalle. In kuna da kayan da ba sa son ruwa, ku fito da sallar asuba. Ka gaya wa ɗan'uwanka."

Ka san shunin da aka buga a jikin rawani ba ya shiri da ruwa. Na taho da sauri zan faɗa wa Garba. Na same shi ya kwance ƙunshinsa yana shanya rawunansa su sha iska, mutanen ƙauyen sun kewaye shi. Ɗanjuma, ban taɓa ganin baƙi irin wannan ba. Rana na faɗuwa a kansu suna walƙiya, wata tsohuwa har tana goge hannu a zane kafin ta taɓa. Nawa na cikin ɗaki a ɗaure, na kuma san in aka jera su gobe ba wanda zai dubi nawa sau biyu. Na buɗe baki, na rufe. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau.

Da asuba muka yi salla tare. Garba na da al'adar zama kan buzu yana lazimi har rana ta fito. Na ɗauki ƙunshina na ce masa zan riga shi in kama mana wuri mai inuwa, ya taho a hankali. Ya ɗaga mini hannu yana murmushi, carbi na hannunsa. Na ƙetare ruwa kwance lumui, ko ɗigo bai taɓa kayana ba.

Abin da na gaya wa zuciyata shi ne, kayansa za su ɗan yi laima, ƙyallin ya ragu kaɗan, mu zo daidai. Ban tuna da ransa ba sai da na tsaya a gaɓa da hantsi na hango kwalekwalensu yana hawa yana faɗawa, mutane na kwarfe ruwa da ƙwarya. Ni da shi ba wanda ya iya iyo, babban ruwan da muka sani rafin Kubanni ne na Zariya. Na yi ta salati. Allah Ya fito da su. Garba ya sauko da ƙunshi a ka, ruwan shuni na bin wuyansa har ƙafa. Da ya kwance, ƙyallin ya tafi, rawunan sun yi dabbare-dabbare. Kayan kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai, rabin marinan unguwarmu sun ba shi amanar aikinsu.

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya dubi ƙunshina a bushe, ya ce: "Alhamdu lillahi da ka riga ni, Iro. Da yanzu Zazzau ba ta da abin nunawa."

Shi ya taya ni shimfiɗa nawa. Shi ya tsaya yana yabon su ga baƙi da guntun Nufancinsa. Aka ba ni wata takarda mai hatimin Bature, wai shaidar gwaninta. Gara ta cinye ta tun kana rarrafe.

Ga abin da za ka ɗauka a nan. Duk ƙetarewar da za ka yi, ka yi ta da sassafe. Kayanka su kasance cikin fata, ba tabarma ba, a kan cinyarka, ba a ƙasan jirgi ba. In kuma aka ba ka magana ka kai wa wani, ka kai ta kafin ka sha ruwa. Kada ka tsaya duba ko ya fi ka, domin da zarar ka tsaya dubawa ba za ka kai ba.

Kwana uku aka yi ana taron, kwana ukun nan ina tsaye kan kayana kamar mai gadi, kunnena na wajen wa aka yaba, wa aka wuce. Ban ga komai ba. Garba da ba shi da abin tsaro ya zaga filin kaf. Ya tsuguna wajen matan Nufawa da na Yarabawa masu rini a tukunya, ya ga ganyen talaki da suke amfani da shi, ya ga yadda suke ɗaure zane ya fito da ado. Ni na dawo da takarda, shi ya tashi da sana'a biyu. Kai ka roƙi maƙwabcinka ya duba maka kaya, ka zaga. Wanda aikinsa ya fi naka, wajensa za ka fi daɗewa, ka tambaye shi, ko da zuciyarka na tafasa. Za ta tafasa, jinina ne kai.

Da aka watse, Garba ya ce ba zai iya haɗa ido da mutanen da ya ɓata wa kaya ba sai ya mayar musu. Ya ɗauki laifin duka a kansa, ni kuwa na bar shi ya ɗauka. Na dawo ni kaɗai. Kafin damina biyu ya aiko fatake da rawuna waɗanda suka fi na farko, aka raba wa masu su. Amma shi bai dawo ba. Ya haƙa ramuka a can, mutanen da ba su taɓa ganin bugun Zazzau ba suka yi masa caa, jiragen ruwa na ɗaukar rininsa zuwa garuruwan da ban san sunansu ba. An ce gidansa na gindin dutse, rufin kwano, baƙi ba sa yankewa. Muguntar da na yi masa ita ta zame masa arziki, wannan ne abin da na kasa haɗiyewa har yau.

Mahaifiyarsa kuwa kullum na bi ta ƙofar gidansu za ni marina sai ta ce: "Iro, ina ka baro mini shi?" Ba da faɗa take yi ba, tambaya ce kawai. Shi ya sa da aka fara yanka filaye a Tudun Wada ina cikin na farkon da suka fito daga birni. An gaya maka don neman sarari ne muka taso. Tambayar tsohuwar nan na gudo wa, ta kuma rasu ba ta sake ganinsa ba. Duk shekara yakan aiko wa takwaransa tsaraba. Jar hular nan da ka yi ta taƙama da ita ranar saukar karatunka, wadda na ce kawunka ya kawo, daga Garba take. Sauran na rabar a unguwa kafin ka gani.

To, ga saƙon. Kwana tara da suka wuce wani farke mai goro ya tsaya a marina lokacin ka tafi mabuga. Ya ce Garba ya ji an zaɓi takwaransa. Ya ce bana ma a ƙetare za a sauke baƙi, saboda haka ka sauka a gidansa, cikin gari, ba ruwanka da kwalekwale, daga ƙofarsa zuwa filin taro tafiyar ƙafa ce. Farken har ya juya zai tafi, ya dawo ya ce akwai sauran magana, an ce ya faɗe ta yadda aka faɗa masa: "In kuma Iro bai yarda ba, to ya gaya wa yaron ya riƙa ƙetarewa da asuba. Ya san wannan tun kafin ni."

Ashe ya sani. Lalle tsohon Banufen nan ya tambaye shi dalilin da ya sa bai fito da wuri ba, alhali an aika masa. Shekara ashirin yana sane, yana aiko da hula da busasshen kifi, bai taɓa faɗa wa kowa ba, don da ya faɗa da ban sake zama cikin marina ba. Na zauna a bakin rami na rasa abin da ke mini daɗi. Ka san abin da na ji? Ba kunya ce ta fara zuwa ba. Haƙurin nasa na yi wa ƙyashi, na ce ko a nan ma sai da ya fi ni.

Dalilin da ya sa na danne saƙon kuwa, Garba ’ya'ya mata Allah Ya ba shi, ramukansa ba magaji. Zai ga hannunka, ya fi kowa sanin abin da zai gani. Zai ce ka zauna, yana kuma da bakin faɗa, don takwara uba ne. Na ce a raina ya ƙwace mini masu tufa, ya ƙwace mini suna, ba zai haɗa da ɗana ba. Na gwammace ka riƙa ƙetare Kwara safe da yamma da ka sha ruwan gidansa. Haka na yi ta zama da abin har jiya da safe, da na fito na same ka tsugune a zaure kana naɗe rawunanka cikin tabarma. Na buɗe baki, na rufe. Nan take na gane wannan rufe bakin, na taɓa yin sa a bakin ruwa. Kai ma ba ka iya iyo ba. Shi ya sa ka ga na shiga ciki da sauri na fito da fatar akuyar nan na jefa maka, na koma na nemi tawada.

Saboda haka in jirgi ya tsaya, kada ka bi masu kiran baƙi zuwa ƙetare. Ka tambayi gidan Garba Bazazzagi mai rini, an ce ko yaro ya san shi. Ka tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ka durƙusa ka gaishe shi gaisuwar uba. In ya ba ka abinci ka ci, in ya gyara maka aiki ka karɓa, gyaransa gaskiya ne, ba irin nawa ba. In kun keɓe, ka ce masa Iro ya ce tsohon ya ba shi saƙo, shi ne bai isar ba, da gangan, yana neman gafara. Ka faɗe ta haka, kada ka yi mata ado don ka rufa mini asiri.

In ya ce ka zauna, ban hana ka ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce zan ji daɗi ba. Zan ji zafi, zan yi ta gunaguni, mahaifiyarka ce za ta sha. Amma ka duba abin da ya fi maka, kada ka duba fuskata. Raminka na kusa da bango zan riƙa motsa shi kullum safe don kada ya mutu, ko ka dawo bayan taro, ko bayan damina, ko ka zo da iyali ka nuna musu inda ka koya.

Saura abu ɗaya. Mutane na zaton kunyar ɗan fari ce ta hana ni kiran sunanka na yanka. Rabi ita ce. Rabin kuwa, sunansa ne ba na son ji a bakina. Tun da na dawo daga Lakwaja ban furta shi ba, sai yau da na rubuta shi ya fi sau goma, hannuna kuma bai karye ba.

Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce kada ka sha ruwan kogi sai an tace. Allah Ya raba ka da sharrin ruwa da na iska, da sharrin mai ƙyashi, na nesa da na gida. Allah Ya sa ka fi ni, Ya kuma ba ni zuciyar da zan yi murna da haka. Allah Ya kiyaye hanya, Garba, ɗana. Ka gai da mai sunanka.

Mahaifinka,
Iro